Keji Na Goma Sha Bakwai

Ni ne mai kunna wa ɓeraye sigari.
Aikina ke nan a Jidda, hawa na uku,
bayan ƙofofi biyu masu rufe kansu.
Kara shida da hantsi, kara shida bayan la'asar.
Inji ya zuƙa, ya fesa cikin akwatin gilashi,
su kuwa su cure a kusurwa,
su runtse jajayen idanu.

Wata huɗu muna haka.
Farin gashinsu ya koma launin tsohon haƙori.
Na keji na goma sha bakwai, mai tsagaggen kunne,
in na ɗora shi a tafin hannu
sai in ji numfashinsa
kamar ana murza leda a ɗaki na gaba.

Sai Dakta Ruwaida ta zo da 'yar kwalba cikin ƙanƙara.
A ido ruwa ne, ko launi babu.
Ta ce dakarun garkuwa ne, an horar da su
su cafke ɗan aike guda tak a cikin jini,
wanda ke bin lungu-lungu yana ihun gobara
har jiki ya rushe gidansa garin kashe wuta.
Rabi aka yi wa allurar. Rabi ruwan gishiri.
Ba a nemi shawarar kowa ba.

Ran da ta kira ni gaban madubin likita
na kanne ido ɗaya na leƙa:
huhun wannan soso ne da ya sha wanki ya yage,
na wancan saƙar zuma, ɗaki-ɗaki, bango bai faɗi ba.
Tana murna har alƙalami ya suɓuce mata.
Ban tambayi wanne ne nawa ba.
Tun da safe na wanke kejinsa.

Da dare, a Karantina, yayana Tanimu
ya jingina da matashi uku, don kwanciya ta ƙi shi.
Shekara talatin yana jan tirela zuwa Yanbu
da taba a gefen leɓe.
Ya ce, "Sallau, ɗebo mini ko cokali guda."
Na ce, "Yaya, ta ce sai nan da shekara goma,
in ma an dace. Ɓera ba mutum ba ne."
Ya yi dariya, dariyar ta zarce tari,
matarsa ta miƙo kwano.
Da ya samu iska ya ce,
"To gaya mata ta nema mini keji."

Na sauko tsakar layi.
Iskar Bahar Maliya, gishiri da gumi.
Ban aiki hannuna ba, shi ya tafi aljihu,
ya dawo da kwali da ashana.
Su dai kulle su aka yi, aka busa musu.

Na ƙyasta.
Daga tagar sama tari na saukowa, bene bayan bene.
Ina tsaye ina sauraro
har wutar ta iso yatsana.