Bene Mai Iyaye Goma Sha Huɗu

A goshin ƙofarmu akwai shekara,
alif ɗari tara da talatin da wani abu,
lambar ƙarshe ta ɓare tun ban zo duniya ba.
Baba Raufu tela ya ce shida ce.
Inna Kulu ta ce ita dai ta san
an gina shi kafin a kwashi kawunta zuwa Bama.

Siton gyaɗa ne a da,
nan bayan tashar jirgi a Gusau.
Ƙugiyar sikeli na nan a rufin ɗakina,
ita ke riƙe mini fanka.
In damina ta jiƙa bango
sai warin buhu ya fito yana cigiyar ma'auni.
Bangon kuwa ba ya karɓar baƙo:
ƙusa uku na lanƙwasa
kafin na jingina hoton babana a ƙasa.

Da masaƙa ta sallami iyayenmu
sunka haɗa kuɗin sallama, su goma sha huɗu,
sunka saye shi, kowa da kasonsa.
Ba mai gida, ba ɗan haya.
Daga ƙofarka zuwa tagarka kai ne sarki,
taku ɗaya waje, talaka ne kai.

Asabar ɗin ƙarshen wata, gindin mangwaro,
Malam Ladan sakatare ya buɗe littafi
wanda gara ta riga mu karanta rabinsa:
kuɗin mai gadi, kuɗin kwashe masai,
da batun wanda ya hau da akuya bene.

Kwano na yoyo daidai kan gadona.
Rufi na kowa ne, haka doka ta ce,
don haka ɗigon na mutum goma sha huɗu ne,
bokitin ne kawai nawa.
Na ƙasa sun ce su ba su ji ruwa ba.
Ban yi fushi sosai ba,
don ranar da kwata ta cika musu tsakar gida
mu na sama cewa munka yi
in jifa ta wuce kanka, ta faɗa kan kowa.

Matakala ta bakwai tana kuka.
Ta san nauyin kowa,
ta san wanda ya dawo ƙarfe ɗayan dare
da takalmi a hannu.
Sau biyu ana kawo batun gyara ta,
iyayen samari na kayar da shi.

Bara wani ya zo da baƙar mota,
ya auna mu da ido, ya ce shaguna arba'in.
Kuɗin da ya ambata
sai da Malam Ladan ya cire tabarau ya goge.
Anka jefa ƙuri'a.
Ba zan ɓoye ba, hannuna na cikin bakwai na farko,
ina tuna bokiti.
Shida sunka ƙi.
Saura Inna Kulu, tana ɓare gyaɗa a faifai,
ba ta ko ɗago ba ta ce:
“Gawa tara na wanke a gidan nan,
cibi ashirin da ɗaya na yanke,
naka ma, mai ɗaga hannu.
Ku ce wa mai mota ya sa su a lissafi.”

Bakwai da bakwai.
Shafi na uku ya ce in an yi kunnen doki
komai ya zauna yadda yake.

Na hau sama ban yi wa kowa sai da safe ba.
Ta bakwai ta yi kukanta,
hadari ya taso daga wajen Kwatarkwashi,
na gyara wa bokiti zama.

Da asuba na tarar da baho a ƙofata,
sabo fil, ya ci bokiti huɗu.
Ba wanda ya ce shi ya kawo.
Amma ƙarshen wata na ji an karanta shi
cikin kayan ƙungiya,
da sharaɗin in na gama da shi
in miƙa wa na ƙasa.