Sakiya

A Hull, daren Talata,
ruwan sama na ƙwanƙwasa tagogi,
na sauka matakala goma sha ɗaya
zuwa ɗakin ƙasa na majami'ar bayan tasha.
Kujerun roba, butar shayi mai tari,
mutum tara, babu wanda ya san garinmu.

Ni ne Habila, ma'ajin zumunta,
mai farar riga a sahun gaba ran Lahadi.
Ni ne kuma wanda, ƙarfe ukun dare
a gidan kula da tsofaffi,
in na juya Mista Hargreaves na ja masa bargo,
nake shigewa banɗaki in murza makulli,
in miƙa wa waya albashina ta lashe.
Ƙwallon ƙasar da ban san inda take ba
na zuba wa kuɗin haya.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Na mai da nawa rumbu,
na cika shi da ƙarya na yaɓe da laka,
ashe gara tana ciki.

Kada ka ce ban yi addu'a ba.
Gaya wa Ubangiji a duhu bai yi mini wuya ba,
ya riga ya sani, kuma ba ya zaro ido.
Sai in ce, "Gafarta mini kasawata,"
kalma mai santsi kamar sabulu,
in tashi daga durƙuso in laluba aljihu.

Wani dattijo, Malcolm, tsohon masunci,
shekara goma sha tara rabonsa da kwalba,
ya bar ni na gama kwana-kwana,
na ɗan yi kuskure, Shaiɗan ya ruɗe ni,
sannan ya ce, "Ɗana, nawa ne?"

Harshena ya yi nauyin dutsen niƙa.
"Fam dubu huɗu da ɗari biyu."
"Na wa?"
"Na gawar Istifanus.
'Yan'uwa suka tara a kai shi gida wurin uwarsa.
Sati bakwai yana kwance a sanyin asibiti,
ni ina ce musu banki ne ya riƙe."

Ƙasa ba ta tsage ba.
Wata mata ta turo mini kofin shayi.
Sai na tuna maruru a cinyata ina yaro,
wanzami ya sa ƙarfe a wuta,
kakata ta danne ni da gwiwa:
"Yi ihunka, amma kada ka janye ƙafa,
mugunya ba ta fita da lallashi."
Warin ya kori kowa daga zaure,
ni kuwa na yi barcin farko cikin kwana shida.

Malcolm ya ce, "Allah ya ji, mu ma mun ji.
Saura masu kuɗin."

Tabita ba ta yi kuka ba.
Ta kashe gas, ta buɗe tafin hannu,
na ɗora mata katin banki.
Kwana uku ba ta kira sunana ba.
Ran Lahadi na tsaya gaban zumunta,
na sake faɗin adadin, babu ragi.
Mutum biyu suka tashi suka fita.
Baba Ishaya ya daɗe yana kallon takalminsa,
ya ce, "Gafara daban, bashi daban. Za ka biya."
Suka sake haɗa kuɗi,
Istifanus ya tafi gida.

Yau kwana sittin da uku.
Wayata ƴar raka-ni-kashi ce, ba ta san caca ba,
amma ƙarfe uku babban yatsana na ƙaiƙayi.
Sai in kira Malcolm,
ya ɗauka da muryar barci, ya ce, "Faɗi."
In faɗa.

Miki har yanzu yana jiƙa ƙyalle,
sai dai iska na taɓa shi.
Jiya wajen Jibin Ubangiji
na karɓi gutsuren gurasa ban sunkuyar da kai ba,
da na dawo,
Tabita ta ɗauke jakarta daga kujerar kusa da ita.