Alli da Gishiri

Ƙarfe bakwai, kafin gari ya gama miƙa,
nakan sauka matakalar dutsen Âncora
da ma'aunin zafi ɗaure a bakin zare,
gadon da mahaifina Abílio ya bar mini
tare da allon katako, da guntun alli,
da tarin nan na masu kwana kusa da gishiri.

In jefa. In ƙirga sittin a zuci. In jawo.
Abin da teku ya faɗa shi nake rubutawa,
ba ragi, ba gyara.

Maris, sha uku.
Ba kowa sai Dona Perpétua,
shekara saba'in da takwas, jar hular roba,
tana ajiye haƙoranta a cikin takalmi
don kada sanyi ya sa su kaɗawa, in ji ta.
Minti huɗu take yi. Ta fito jawur kamar gauta,
tana zagin ruwan, tana yi masa dariya.

Agusta kuwa, wata ne mai baki biyu.
Yashi na gasa tafin ƙafa,
laima ta rufe gaɓa har ba wurin sa tawul,
baƙi daga Braga, daga Lyon, da yara da kwanduna,
sai iskar arewa ta taso bayan azahar
ta share ɗumin da ke saman ruwa, ta kora shi can,
na ƙasa ya hau, wanda bai taɓa ganin rana ba.
Sha biyar.
Ƙato ya sheƙo da gudu, ƙirji a gaba,
ruwa ya cije shi a idon sawu,
ya tsaya cak, ya kama ƙugu,
wai dama jirgi ya zo kallo.

Valdemar mai otal ya same ni da murmushi:
"Biyar da takwas, Graciete, ai ɗan lanƙwasa ne,
ja allin kaɗan, wa zai sani?"
Na ce gwiwa za ta sani.

Mahaifina yakan ce teku mai zurfin ciki ne,
ba ya karɓar magana ranar da aka faɗe ta.
Abin da rana ta ba shi a Yuni
sai ya juya shi, ya juya,
ya biya bashi bayan mai bin ya tafi.

Haka kuwa. Ƙarshen Satumba,
an naɗe laimomi, an kulle rumfar kankara,
iska ta kwanta kamar karen da ya gaji da haushi.
Sha tara.
Sannan masu gari ke fitowa:
mai burodi da gari a gira,
matan da suka wuni suna gyaran sadin,
direban bas da bai cire agogo ba.
Ruwa ya yi laushi, ya daina tambayar kowa.
Mai haƙuri ya dafa dutse, ga romon.

Bana jar hula ba ta sauko ba.
Na hau na same ta a gado, taga a buɗe.
Ta ce, "Yaya ruwa?"
Na ce, "Sha tara."
Ta ce, "Wannan lamba ce. Ruwa na tambaye ki."

Shekara ashirin da biyu ina jefa zare,
ban taɓa wuce gwiwa ba.

Washegari na jingine allon ba rubutu.
Cinya. Cibiya, nan numfashi ya gudu ya bar ni.
Kafaɗa. Na ƙirga sittin a zuci,
ba mai jawo ni.
Can wajen arba'in sanyin ya sassauta haƙori,
wani abu mai kama da Yuni ya taɓa bayana.

Na koma mata gashi na ɗiga a kan dabe.
Ba ta tambaya ba.
Ta kama hannuna, ta lasa,
ta rufe ido.