Ƙaho da Kofato

Babana dillalin shanu ne a Jega.
Ranar kasuwa ni ke riƙe masa igiya,
in ga masu kuɗi sun tsaya gaban ƙaho,
shi kuwa ya durƙusa yana duba kofato.
"Ƙaho na mai kallo ne," in ji shi,
"ƙafa ita ka kai sa gida."

Shekara talatin da binne shi,
ga ni a Birnin Kebbi da usur a wuya,
ina koyar da ƙwallon kwando
a kan simintin da ya tsattsage
kamar dugadugan manomi.

Da damina Alhaji Nabara ya sayi ƙungiyar.
Ya zo da jaka, ya zo da tef irin na tela.
Duk yaron da ya sunkuya kafin ya shiga ƙofa
an ba shi riga.
Daga Ikko aka ɗauko mana biyu,
dogaye kamar giginyun bakin fadama,
albashin ɗaya ya isa ya rufa wa filinmu kwano.
Takalmansu na kuka a kan siminti
kamar 'yan tsaki.

Ni kuwa na ga Labbo a tashar Aliero
yana jefa kankana saman tirela.
Ɗari uku na ƙirga, rana na cin ƙeyata,
ba wadda ta fashe.
Ba ya kallon mai cafewa.
Kafaɗar mutum yake karantawa
ya san inda hannu zai kasance
kafin mai hannun ya sani.

Na kai shi. Aka miƙa tef.
Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Malam Tukur, wanga ai ɗan dako ne.
Nawa ma za mu ba shi?"
Aka ba shi kuɗin mota
da lamba goma sha huɗu, wadda ba mai so.

Wasa shida muka sha kashi.
Giginyu na tsaye ƙarƙashin zobe, hannu sama,
kamar masu roƙon ruwa,
ƙwallo ba ta zuwa.
A na bakwai, saura minti tara,
na taɓa Labbo a benci ban dubi Alhaji ba.

Abin da na gani ba ya shiga takarda.
Ƙwallo ta bi ta hammatar mutum biyu
ta sauka tafin dogo kamar an aiko ta da sallama.
Dogo ya zura. Ya sake zurawa.
Ranar aka san abin da aka saya daga Ikko,
jarida ta buga hotonsu,
Alhaji ya ce ai kuɗi ba ya ƙarya.

Kada ku ce na raina kuɗi.
Da gwiwar Labbo ta kumbura a hanyar Gusau
idona bai iya ɗaukar hoton ƙashi ba.
Na tsaya ƙofar ofis da takardar asibiti,
aka ce kasafin bana ya ƙare a kan takalma.
Man zafi muka shafa, da addu'a.
Wata biyar yana dogara sanda.

Bana wata ƙungiya daga Kudu ta aiko mota.
Sun duba gwiwar da na'ura, sun biya likita,
sun ninka abin da na yi tsammani sau takwas.
Suna da ido, suna da jaka.
Mu kowa ya riƙe ɗaya
yana hararar ɗan'uwansa.

Alhaji ya sayi sabon tef.

Ni kuma gobe kasuwa ce.
An ce akwai wani yaro a Ambursa
mai jefa bulo hawa biyu,
magini bai taɓa miƙa hannu ya rasa ba.
Zan je in durƙusa.