Tsakiyar Maɓalli

A Kutaisi ruwan Rioni yana gurnani ƙarƙashin gada,
ni kuwa ina ɗakin sama mai warin tsohon katako da busasshen inabi.
Jikata Tsiala ta kifa min wani abu a ka,
kofuna biyu masu taushi, ɗaya a kowane kunne,
kamar tafukan uwa ranar tsawa.

Duniya ta yi tsit.

Ta ce, "Kaka, yi magana."
Na yi. Leɓe ya motsa, maƙogwaro ya yi aikinsa,
amma muryar ta tsaya a bakin makirfo
kamar baƙon da ya yi sallama ba a amsa ba.

Ta danna kwamfuta, sai ga Nugzar.
Ƙanena Nugzar, shekara shida a ƙarƙashin ƙasa,
ya buɗe baki a tsakar kaina,
har da gyaran muryar nan tasa kafin ya ɗauki waƙa,
har da kofin da wani ya ture daren bikin Lamara.
Muryar sama yake ja, kamar kullum.
Gurbin da tawa za ta tallafe shi daga ƙasa
yana nan wayam,
don a daren nan ina fushi da shi kan iyakar gona,
na zauna a waje ina zuƙar taba har aka watse.

Na ce, "So nake in ji mu tare."

Tsiala ta ciji leɓe, ta bi wayoyi da yatsa,
ta zare wannan, ta soka waccan,
wata ƙara ta tsaga min kunne, na kusa jefar da abin.
Can sai muryata ta iso, amma a makare.
In na ce "Nugzar", sai ta yi jinkirin taku guda
kamar amsa kuwwa daga gindin rijiya.
Na yi ta tuntuɓe da harshena.
Ashe mutum kan bi sawun kansa ya kasa kamo shi.

Ta ce kwamfutar ce ke tauna sautin kafin ta miƙo.
Na ce, yarinya, ba yau na fara zuwa a makare ba.

Ta jawo wani ɗan akwati mai maɓallin murɗawa.
In an yi hagu, ni kaɗai ne,
da numfashi irin na tsohon zugazugi,
da haƙoran roba masu ƙas-ƙas, waɗanda ban san ana ji ba.
In an yi dama, shi kaɗai, yana hawa ba mai riƙe masa tsani.
Ta ɗora yatsuna a kai ta ce,
"Tsakiyar kai za ka nemo ta."

Na murɗa, na danne shi. Na koma, ya danne ni.
Haka muka yi shekara hamsin a gida ɗaya.
Sannan, a wani ɗan wuri da bai kai faɗin ƙwayar alkama ba,
muka tsaya kafaɗa da kafaɗa.

Na shiga daga ƙasa.
Tawa ta tsufa, tana rawa, tana neman sanda.
Tasa tana nan yadda ya bar ta.
Bai jira ni ba inda numfashi ya yanke min,
bai juyo ya harare ni ba da na kauce,
wannan kuwa ya fi komai ciwo.

Da na buɗe ido, Tsiala tana kallona.
Ita ba ta jin komai sai rabi:
tsoho a ɗaki shiru, yana gunjin sauti guda,
ruwa yana bin gemunsa.

Waƙarmu ta mutum uku ce.
Na ɗaga kofi ɗaya daga kunnena,
na jawo kanta kusa da nawa,
wayar ta yi gajarta, dole muka sunkuya.
Ta saurara, ta ce ba ta san baitin ba.
Na ce mayar da shi farko.