Dubu Huɗu

Ƙarfe ɗayan dare a Mitchells Plain,
iskar teku na jijjiga kwanon gareji,
ni kuwa kaina na cikin bonet,
tocila a haƙora, yawu na bin haɓata.

Tsohuwar BMW ce, silinda shida,
ta girme ni da shekara tara.
Kuɗin fiɗar kifi na wata uku a Kalk Bay
duk a cikinta suka narke.
Na ƙarshensu ya tafi kan wani ɗan akwati,
takunkumin inji,
mai tare shi kada zafin kai ya sa ya farke kansa.
Na ce masa: dubu shida, nan ce iyaka.
Shi kuwa, allura na taɓa dubu huɗu,
sai ya shaƙe mata wuya.
Ta yi tari, ta tofar da wuta ta salansa,
tas-tas-tas,
karnukan layi su amsa mata.

Ran Asabar a filin juya motoci,
hayaƙin tayata bai ko rufe takalmin ’yan kallo ba.
Wani yaro ya leƙo tagata:
“Tashreeq, ta kakarka ka aro?”

Da fulogi na fara.
Na jera su shida a kan tsohuwar jarida,
kowanne launin gasasshen burodi, babu mai laifi.
Na zargi famfon fetur,
na kafa kunne a tanki, na ji shi yana gunjinsa lafiya lau.
Na bi baƙar waya har inda ta kama ƙarfen jiki,
na tarar da tsatsa,
na yi murna irin ta wanda ya cafke ɓarawo.
Na kankare, na ɗaure, na tayar, na taka totur.
Dubu huɗu.
Ashe ɓarawon na gefe yana kallona.

Koriyar wayar da ta fito daga kwayil,
na auna ta, na yanke, na liƙe da dalma,
na ƙona yatsa,
na zagi wanda bai ji ba bai gani ba.
Tagar Mama ta kawo haske, ta ɗauke.

Sai gab da asuba
na kwance sukurori biyu na bayan akwatin.
Ga wani ɗan makunni, ƙwayar shinkafa ta fi shi,
da rubutun da sai an kanne ido:
huɗu, shida, takwas.
Yana kan huɗu.
An gaya masa silinda huɗu yake gadi,
shi kuma bawan Allah yana ƙirga tartsatsin shida,
juyi biyu ya rubuta uku.
Bai lalace ba.
Ƙarya aka ba shi ajiya, ya riƙe ta amana.

Boeta Armien ne ya ɗaura min shi.
Wanda ya shekara talatin hannunsa cikin baƙin mai
ba ya sa huɗu a gurbin shida don mantuwa.
Na same shi ƙofar masallaci yana laluben takalmi.
Bai ɗago ba.
“Uwarka ta kawo min kwanon koesister ran Lahadi,
da zafinsu, kwakwa har gefe.
Ba ta san silinda ba.
Abin da ta sani hanyar bakin teku,
da kwanar da aka ɗauko Ziyaad, ɗan maƙwabciyarku,
cikin bargo.”
Ya sami ƙafa ɗaya, ya ci gaba da neman ɗayar.

Yanzu rana ta hau kan dutse.
Iska ta gaji ta kwanta.
Tsinken ashana na hannuna,
bakinsa a jikin makunnin.
Turi ɗaya ne, bai kai faɗin farce ba.

Daga kicin ina jin cokali na zaga kofi.
Ya daɗe yana zagawa.
Sukarin nan ya narke tuntuni.