Rabin Wata a Kan Fako

Kakana Mutari ya ce a da
Korama takan ci raƙumi har tozo.
Ni na tarar da ita tana tari,
rairayi ya shaƙe mata wuya.

Bara muka hau fakon gabas da Mirriya
da diga da kwando.
Ƙasa kamar bayan tukunya.
Cima ta ce, “Wa ya taɓa tare ruwa da rami?”
Ta tofa yawu a tafi, ta ci gaba da sara.

Rabin wata muka haƙa, baki ga tudu,
ɗari uku, ban da na rago.
Muka zuba takin awaki,
muka bar ’ya’yan gawo inda suka tsiro.

Ruwan farko ya sauko da dare.
Ya saba wucewa jawur,
ɗauke da gonar wani zuwa Najeriya.
Wannan karon ya kwana.

Da safe na ga sama a kowane rami.

Yanzu rijiyar lambunmu
ta rage min igiya gaba biyu.
Na yanke ragowar,
na ɗaure ɗan akuya da ita
kada ya cinye gawon.